Yadda ake gano ragowar gam a jikin katako kafin a shafa banish

Farin gam na katako, irin su Top Bond, idan ya bushe a siriri ba ya ganuwa. Sai an shafa launi ko banish ya bayyana: wani farin tabo a bakin haɗi, ko shatin yatsa a tsakiyar tebur. Dalili kuwa, gam yana toshe ƙananan ramukan katako, launi ya kasa shiga wurin alhali kewayensa ya sha. Katako mai manyan ramuka kamar maɗaci da loko ya fi fama da wannan, domin gam na nutsewa ciki.

Yawancin tabon nan daga jiƙaƙƙen tsumma yake fitowa. Kafinta ya matse haɗi, gam ya tsatso, sai ya goge da ruwa yana ganin ya tsabtace. A gaskiya narkar da gam ɗin ya yi, ya baza shi faɗin tafin hannu, ya kuma tura shi cikin ramuka. Abin da ya fi shi ne a bar shi minti 20 zuwa 30 ya yi danƙo, sannan a ɗaga shi da cizal mai kaifi, zai taso gaba ɗaya. A lokacin hunturu ko bazara yana saurin kamawa, don haka a riƙa taɓa shi tun daga minti 15.

Bincike yana farawa bayan an gama gugar samfefa an kakkaɓe ƙura. A kai aikin inuwa, a kwantar da tocila daf da fuskar katako yadda haske zai bi ta gefe. Inda gam yake zai ɗan yi sheƙi, katako zalla kuma dushi-dushi. A bi da yatsa ma: wurin gam santsi gare shi kamar leda.

Tocila ba ta kama gam ɗin da ya nutse, saboda haka jiƙawa ce babbar hanya. A sa tsumma mai tsabta a tina ko tafentayin, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, a shafe fuskar gaba ɗaya, a duba nan take kafin ya bushe. Katako zai yi duhu kamar an shafa masa banish, wurin gam kuma ya tsaya fari. A zagaye kowane tabo da fensir a hankali, domin da zarar ya bushe tabon zai sake ɓacewa. Tina tana tashi da sauri, sai a bi aikin kashi-kashi, a wuri mai iska, nesa da wuta da janareta. Ruwa ma yana nunawa, kuma shi ya dace idan launin da za a shafa na ruwa ne, amma yana tayar da gashin katako, dole a jira ya bushe sarai a sake bi da samfefa lamba 180 (yawan lamba, yawan laushin samfefa). Kananzir kam a bar shi: maiƙonsa yana zama a katako ya hana banish bushewa da kyau. Fetur haɗarin gobara ne.

Wuraren da suka fi ɓoye gam su ne kusurwar ciki ta durowa da kabad, inda ƙafar kujera ta haɗu da sandar gicciye, kewayen 'yan turakun katako da ake cusawa a rami don riƙe haɗi, da duk inda aka riƙe aikin da hannu yayin haɗawa. Haka ramin ƙusa da aka cike da garin katako haɗe da gam, shi ma ba ya shan launi yadda sauran ke sha.

Idan an gano, a fara kankarewa da cizal ko ƙarfen kankara, ana bin tsawon zaren katako. Fara da samfefa kuskure ne, domin gam yana ɗumama ya liƙe mata, ta ƙara baza shi. Bayan kankara a goge da lamba 120, a ƙare da lambar da aka yi wa sauran fuskar. In an bar wurin da kaushi zai sha launi fiye da kima ya koma baƙin tabo. A faɗaɗa gugar zuwa gefe don kada a haƙa rami. Filawud yana son taka-tsantsan, fatar samansa sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba, ana matsa mata sai ta huje. A kusurwar da samfefa ba ta isa, ɗan ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori suna tausasa farin gam. Daga nan a sake jiƙawa a duba, har sai fuskar ta yi duhu bai ɗaya.

In kuma sai bayan shafa launi tabon ya fito, a bari ya bushe, a kankare wurin har katako zalla, a goge, a sake shafawa da ɗan tsumma ana sajewa da gefe. A saman tebur faci yakan nuna, gara a goge fuskar duka a sake ta.