Yadda ake canja tsohon suwic na PLC a kamfani ba tare da layi ya kwana a tsaye ba

Yaranmu da suke fitowa daga ABU ko Nuhu Bamalli da yawansu sun iya haɗa netwok na ofis, wannan ba gardama. To amma sai a kira su wani kamfani a Dakace ko Chikaji a Zariya a ce suwic ɗin da ke cikin fanel, wato na'urar da ake soka kebul ɗin netwok na injunan layin aiki a cikinta, ya fara wasa, su ɗauka ai abu ɗaya ne, zare wancan ka saka wannan shikenan. Ana kunnawa PLC, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa injuna, ya nuna jar wuta, HMI, wato allon da ma'aikaci ke dannawa, ya cika da alamar tambaya, manaja yana tsaye a kanka ma'aikata sun zauna suna kallo. Kuma galibi sabon suwic ɗin lafiyarsa ƙalau, saitin da ke cikin tsohon ne aka cire tare da shi ba wanda ya kwafa. Kan wannan zan fi tsayawa.

Da farko ka tabbatar suwic ɗin ne ma ke da laifi. Ɗauko mita ka auna wutar 24V da ke shiga masa lokacin da injuna ke aiki, ba lokacin da aka tsaya ba. A garin nan da wuta ke zuwa tana tafiya ana komawa jannareta, ga zafin watan Maris da Afrilu a cikin fanel ɗin da fankarsa ta mutu tun tuni, ga ƙurar hunturu, fawa sofulai, wato abun da ke ba suwic wutar 24V ɗin, shi ne ya fi saurin gajiya saboda kafasitocin cikinsa suna bushewa. In wutar tana faɗuwa duk sanda babbar motar lantarki ta inji ta tashi, to ka canja fawa sofulai ɗin tukunna ka ga ko matsalar ta tafi, ya fi arha nesa ba kusa ba.

In ka tabbatar suwic ne, kar ka zare ko kebul ɗaya. Ɗauki hoton gabansa da wutarsa a kunne yadda za ka ga wane fot (ramin da ake soka kebul) ne ke aiki wane ne a mace. Kowane kebul ka manna masa lamba daidai da fot ɗin da yake ciki, da tef da maka, kar ka ce za ka tuna. Ni ban yarda da zanen da ke cikin fayil ɗin kamfani ba sam, don an sha ƙara inji an ja sabon kebul ba wanda ya gyara takarda, abun da ke cikin fanel shi ne gaskiya.

Sai ka shiga cikin suwic ɗin da laftof ka sauke saitinsa gaba ɗaya. In Scalance ne na Siemens duba ko akwai C-PLUG a jikinsa, wani ɗan ƙaramin abu ne da ke riƙe saitin, Cisco na masana'anta kuma wasunsu na da katin SD. Amma kar ka dogara da fayil ɗin kawai, in sabon ba irin tsohon ba ne sak fayil ɗin ba zai shiga ba, dole ka buɗe shafi shafi ka rubuta da hannu. In ba wanda ya san kalmar sirri, don Allah kar ka danna risat, yin haka ka goge abun da ka zo nema kenan. Nemi wanda ya haɗa layin, ko ka saurari abun da ke yawo a kebul da manhajar Wireshark, in Profinet ne, wato yaren da PLC na Siemens ke magana da na'urorinsa, manhajar PRONETA kyauta ce za ta nuna maka sunaye da adireshin kowa da wa ke haɗe da wa.

Abubuwan da za ka rubuta, na farko gudun kowane fot. Akwai tsofaffin PLC da sikeli da firintar lakabi da ba su san komai ba sai 10 mega ko 100 da aka ɗaure da hannu. In wancan gefen an ɗaure shi a ful dufles (aikawa da karɓa lokaci guda) kai kuma ka bar sabon fot a oto, naka zai faɗa haf dufles (aikawa ko karɓa, ɗaya bayan ɗaya) da kansa, haka ƙa'idar take. Wutar fot za ta kama kore, in ka aika ping don gwaji na'urar za ta amsa, kai ka tattara kayanka ka tafi gida, sai aiki ya yi nauyi bayanai su fara ɓacewa layi ya riƙa tsayawa jefi jefi. Wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da mutane wallahi, don komai na nuna lafiya lau, sai ka buɗe lissafin kurakuran fot ɗin kaga lamba na ta hawa.

Na biyu zobe. Yawancin layukan da aka haɗa da kyau suwic ɗinsu a zagaye suke, in kebul ɗaya ya tsinke bayani ya bi ta ɗaya gefen. A MRP, wato tsarin zoben da Profinet ke amfani da shi, suwic ɗaya ne manaja, shi ke toshe fot ɗaya don kar bayani ya yi ta zagayawa, sauran duk mabiya ne. To in wanda kake cirewa shi ne manajan ka saka sabo fil daga kwali ka rufe zoben, cikin daƙiƙa kaɗan netwok ɗin gaba ɗaya zai cushe, ba layinka kaɗai ba har duk wanda ke haɗe da shi. Ka san waye manaja, ka san fot biyu na zoben, kuma ka sani Moxa na da nasu Turbo Ring, Hirschmann na da HIPER-Ring, waɗannan ba sa jin yaren juna. Wasu sai su ce ai RSTP, irin wannan tsarin na netwok ɗin ofis, ma ya isa. MRP yana farfaɗowa cikin milisakan 200, RSTP na iya ɗaukar sakan ɗaya ko fiye, shi kuwa Profinet in ya rasa saƙo uku a jere a saitinsa na asali ya yanke hulɗa da na'urar. Ko da MRP ɗin ma sai an ɗaga lokacin jiran ya wuce 200 ɗin, in ba haka ba tsinkewar kebul zai tsayar da inji duk da zoben.

Na uku, in layin na PLC ɗin Allen-Bradley ne mai magana da yaren EtherNet/IP, tsofaffin na'urorinsu na watsa bayani ga na'urori da yawa ne lokaci guda, abun da ke hana wannan ambaliya shiga kowane fot shi ne wani saitin suwic da ake kira IGMP snooping. Dole a kunna shi, kuma dole a samu suwic ɗaya mai aika tambaya lokaci lokaci don a san wace na'ura ke son wane bayani. In tsohon ne ke wannan aikin ka cire shi, komai zai yi aiki na ƴan mintuna sannan na'urori su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka rasa dalili tunda ka gwada ya yi. Sai ka rubuta VLAN in akwai, wato yadda aka raba fot-fot gida gida, da sunan Profinet na suwic ɗin kansa in yana cikin furojek ɗin PLC, harafi ɗaya ya bambanta PLC ba zai karɓe shi ba.

Yanzu sayayya. Kar ka je Sabon Gari ka ɗauko suwic na ofis ka ɗaure shi da waya a cikin fanel, na san yana da arha kuma oga zai ji daɗin kuɗin, amma yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma adaftarsu ce za ta fara mutuwa. Na masana'anta mai hawa kan dogon ƙarfen fanel, mai cin 24V ta hanya biyu, mara fanka, shi za ka saya, akwai masu jure har digiri 75. In kuɗi bai kai sabo ba, na hannu mai kyau ya fi min sabo na ofis, sai dai ka gwada shi kwana da kwanaki a kan tebur. Kuma in za ka iya shawo kan oga a sayi biyu, don oda daga waje na ɗaukar lokaci ga dala kullum tana motsi. Masu PLC ƙirar S7-300 su sani tun Oktoban 2023 Siemens ta fara janye shi, saboda haka ku sayi suwic da zai yi aiki da abun da zai gaje shi.

Faiba kuma a kula sosai. Karanta rubutun jikin kebul ɗin, 62.5/125 ne ko 50/125 ko 9/125, sannan kan nasa ST ne mai murɗawa ko SC ko LC ƙarami. Tsohon fot mai 100 mega yana aiki da haske mai tsawon nanomita 1310, na giga mai gajeren zango na 850 ne, ba za su taɓa gaisawa ba, faiba baya sasanta gudu kamar kebul na tagulla. In ka canja gefe ɗaya sai ka duba ɗaya gefen. Tsakanin gini da gini kuwa in ka tarar da tagulla ce, mayar da ita faiba kafin damina, tsawa ɗaya na iya ƙona fot a gefe biyu, kuma dama tagulla bata wuce mita 100.

Duk saitin nan a kan tebur za ka yi shi, ba a gaban fanel ba. Saka adireshi, suna, zobe, gudun fot, ka adana, ka zare wuta ka mayar ka ga ko saitin ya zauna, don akwai masu mantawa in ba ka danna adanawa ba.

Ranar aiki ka zaɓi lokacin da aka tsayar da layi, ka faɗa wa shugaban shif, a kashe injuna a kulle, ka ɗauki kwafin furogiram ɗin PLC tukun. Suwic ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Mayar da kebul bisa lambobinka, ka bar ƙafa ɗaya ta zoben a zare sai komai ya dawo kore sannan ka soka ta. Haɗa wayar ƙasa (earth) ta suwic ɗin. Bayan nan zare kebul ɗaya na zoben da gangan ka ga ko layi ya ci gaba, kashe wutar fanel ka kunna ka ga ko kowa ya dawo da kansa, don gobe NEPA za ta yi maka wannan gwajin ko kana nan ko baka nan. Canja kalmar sirrin da ya zo da ita, rufe fot ɗin da ba a amfani da su, kar wani ya soka masa intanet ɗin ofis. Tsohon kuma kar a jefar, rubuta masa kwanan wata da fanel ɗin da ya fito ka ajiye a sito da saitinsa a ciki, sai layin ya yi sati biyu yana cikakken aiki ba kuskure ko ɗaya a fot.