Kafin ka biya kuɗin jif ɗin alfarma, ka bar ta ta kwana

'Yan uwa, kujerar fata da ƙaton allo ba su ne mota ba. Ni abin da nake fara dubawa shi ne ƙafafunta. Da yawa daga cikin manyan jif na alfarma suna tsaye ne a kan jakar iska maimakon sifirin na ƙarfe. Tana da daɗin hawa ƙwarai, amma robar tana tsattsagewa idan ta tsufa, iska ta riƙa zurarewa, famfon da ke hura ta ya yi ta aiki har ya ƙone. Gwajinsa ba wuya: a ajiye motar a wuri mai daidai, ka auna tsakanin taya da bodi a kusurwa huɗu, ka dawo da safe ka sake aunawa. In gefe ɗaya ya durƙusa, akwai kashe kuɗi a gaba.

Da safen nan kuma kai za ka tayar da injin yana sanyi, ka kasa kunne. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga kumfa fari-fari kamar madara, wataƙila ruwa na shiga, sai makanike ya duba.

Zaɓina Lexus GX 460, wadda aka yi daga samfurin 2010 zuwa 2023. Injinta V8 ne mai lita 4.6, babu turbo, shasinta ɗaya da Land Cruiser Prado. Tana shan mai, ban ɓoye muku ba, kuma wasu samfuranta na da jakar iska a baya.

Ka nemi takardun sabis, ka tabbatar lambar shasi mai alamomi 17 ta dace da takardun motar.