Injin Yankan Ciyawa Yana Mutuwa? Fara da Murfin Tanki

Daminar bara injina ya ba ni wuya: ya tashi lafiya, bayan minti 10 ya yi tari ya mutu. Har filogi na canza, a banza. Ashe 'yar ƙofar iskan da ke murfin tanki ce ta toshe, fetur ya kasa sauka. Don haka in naka ya mutu, sassauta murfin ka sake jan igiyar tayar da shi. In ya ɗauka, ka gano ɓarawon.

In ba haka ba, duba fetur. Wanda ya haura wata guda a tanki yakan yi danƙo ya toshe kafireto. Juye tsohon fetur ɗin, kwance kwanon ƙasan kafireton, ka tsokace ramin jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi, da siririyar waya. Ni yanzu da an gama aiki a watan Oktoba nake barin injin ya shanye mansa ƙaf.

Kakkaɓe matatar iska, ƙura ba ta raga mata.

Jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma cushewa take a ƙasa ta riƙe wuƙar, bari rana ta ɗaga tukuna. Kafin ka sa hannu can, don Allah cire wayar filogi, ka kishingiɗar da injin ɓangaren kafireto na sama, kada baƙin mai ya jiƙa matatar.