Yadda mai shago zai nemi diyya idan zanga-zangar ɗalibai ta yi masa ɓarna

Kada ka share shagon tukuna. Fara ɗaukar hoto da bidiyo na ƙofar da aka ɓalle da kayan da aka lalata, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, ka karɓi shaida a rubuce. Jera asararka da farashi, ka haɗa da rasit. Nan ne da yawa ke faɗuwa, domin ƙiyasin baka ba ya tsayawa gaban kwamitin binciken da makaranta kan kafa.

Ku haɗu ta ƙungiyar 'yan kasuwa ku rubuta wa magatakardar makaranta, da kwafi ga shugaban sashen harkokin ɗalibai, kafin kwamitin bincike ya kammala zama. Makarantu kan ɗora wa ɗalibai kuɗin gyaran ɓarna kafin a koma karatu. Ku nemi a sa asararku cikin lissafin.

Hujjar mai haya a cikin harabar makaranta ta fi ƙarfi. Na waje sai ya nuna sakacin hukumar makarantar, misali an gargaɗe ta ba ta yi komai ba.

Nemi lauya da wuri: a Najeriya wa'adin ƙarar hukumar gwamnati kan iya zama wata 3 kacal.