Yadda Ake Hana Kwamfutar Tebur Shanye Batir Idan Ba A Aiki Da Ita

Masu shagon buga takardu a garuruwanmu, daga Ringim har Ɗambatta, da yawa sun koma sola, kuma kukansu ɗaya ne: kafin isha'i batir ya mutu. Sau da yawa ba laifin batirin ba ne. Kwamfuta ce aka bari a kunne tun hantsi, ana jiran mai zuwa cike fom.

Tsohuwar kwamfutar tebur ta gwanjo takan ci wat 40 zuwa 80 ko ba a taɓa ta ba, sikirin ya ƙara 20 zuwa 30. A ce 85 duka. Zaman banza na awa 6 ya haura wat-awa 500 ke nan. Batir mai 200Ah na bolt 12 kuwa wat-awa 2,400 yake ɗauka, kuma rabi ya kamata ka sha in kana so ya yi ƙarko.

A Windows 10, fara da Settings, ka shiga System, sai Power & sleep. Sa sikirin ya mutu bayan minti 5, kwamfutar ta yi barci bayan minti 15. Kada ka wuce haka. Hotunan nan masu yawo a fuska in an bar ta, kashe su gaba ɗaya, ado ne kawai, ba sa rage ko wat ɗaya.

A nan ne yaran shago suke faɗuwa. Da sun ga sikirin ya yi baƙi sai su ce ai ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Kai kunnenka jikin akwatin: in fanka tana juyawa, cin wuta take yi. Wadda ta yi barcin gaske shiru za ka ji, fitilar gabanta takan riƙa ƙiftawa, kuma cinta bai wuce wat kaɗan ba. In minti 15 ya wuce fanka ba ta tsaya ba, akwai abin da ya riƙe ta. Buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a matsayin mai cikakken iko (Run as administrator), ka rubuta powercfg /requests. Zai nuna maka mai laifin, galibi bidiyon da aka bari a buɗe ne, ko takardar da ta maƙale a layin firinta. Rufe shi, ka sake gwadawa kana tsaye a wurin.

Wata kuma tana kwanciya, amma da an jingina da tebur sai ta farka. Maus ne. Je Device Manager, ka nemo shi, a shafin Power Management ka cire alamar da ta ba shi izinin tada kwamfutar. Kibod ya isa.

In tafiyar mai nisa ce, kamar masallacin Juma'a ko ranar kasuwa, ni ban yarda da barci ba, Hibernate nake so. Shi yana juye aikinka a faifan ajiya na kwamfutar ya kashe na'urar, ko inbata ta ɗauke babu abin da zai ɓace. In ba ka gan shi ba, yana cikin Control Panel, ƙarƙashin Power Options, inda ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa. Ɗora shi a kan maɓallin ma, yaro ya danna sau ɗaya ya tafi.

Sauran ba wuya. Firintar leza kada ta kwana a kunne, ɗumama kanta kaɗai ɗaruruwan wat ne, sai kwastoma ya zo a tada ta. Tsohon sikirin mai ƙaton baya a rabu da shi. In da hali a sauya faifai zuwa SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ko ƙarami ne. Lokacin hunturu a buɗe akwatin a busa ƙura, don zafi ke sa fanka gudu. Da dare a kashe soket daga bango, har da inbata in babu abin da ke kanta, domin ita ma tana shan nata.