Kurakuran da ake yi wajen neman shamfu ga fatar kai mai saurin bori

Mutum zai wanke kai, washegari ko jibi ya ji ƙaiƙayi a ƙeya, sai ya ajiye kwalbar ya sayo wadda aka rubuta mata "mai sanyaya fata". Bayan mako biyu ita ma ta bi sahun ta farko. Kafin shekara ta zagayo kwalabe shida sun yi layi a banɗaki, kai kuwa yana nan yadda yake. Duk tsawon wannan lokaci kwalba yake canzawa, alhali sinadarin da fatarsa ta ƙi yana biye da shi daga wannan zuwa waccan, don bai san sunansa ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar kowane ƙaiƙayi a matsayin abu ɗaya. Aƙalla abu uku ne ke kawo shi, kuma kowanne da hanyar da ake bi da shi. Akwai cin fata, inda shamfu mai ƙarfi ke kwashe maiƙon da ke kare ta, sai a ji zogi ko raɗaɗi nan take, ko jim kaɗan bayan wanka. Wannan yana iya samun kowa idan shamfun ya yi yawa ko ya daɗe a kai. Akwai alaji, wato garkuwar jiki ta riƙe wani sinadari a matsayin maƙiyi. Shi ba ya zuwa da gaggawa, yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin kuraje su fito, kuma ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi. Sai amosani, wanda ke da alaƙa da wani naman gwari mai suna Malassezia da ke rayuwa a kan maiƙon fatar kowa. Mai amosani ko ya shekara yana amfani da shamfu mafi laushi a duniya ba lallai ya ga sauƙi ba. Abin da ke masa aiki shi ne shamfu mai magani, irin mai ketoconazole ko selenium sulfide, a bar shi a kai minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye.

Wannan jinkiri na alaji shi ke sa a ɗora wa mara laifi laifi. An wanke kai ranar Asabar, fatar ido ta kumbura ranar Litinin, sai a ce man fuskar da aka shafa da safe ne. Fatar kai tana da kauri, sau da yawa ba ta nuna komai. Inda kumfa ke gangarawa ne ke shan wahala: fatar ido, goshi daidai inda gashi ya fara, bayan kunne, gefen wuya, ƙeya, wani lokaci har hannuwan da suka yi wankin. Duk wanda ya ga ja ko saɓar fata a waɗannan wurare ya tuna abin da ya sa a kansa kwana biyu da suka wuce. Kada kuma ya ce, "Ai shekara biyar ke nan ina amfani da shi." Jiki yana koyon alaji ne ta hanyar yawan haɗuwa da abu, don haka tsohon shamfu ba ya fita daga zargi.

Kuskure mafi tsada shi ne yarda da gaban kwalba. Gaban kwalba na talla ne, abin da ke ciki a baya ake rubuta shi, da ƙananan haruffan nan da ba wanda ke son karantawa. Ɗauki kalmar "hypoallergenic", wato mai ƙarancin jawo alaji: hukumar abinci da magunguna ta Amurka da kanta ta bayyana cewa babu wani ma'auni na gwamnatin tarayya da ya fayyace ma'anarta, kowane kamfani yana fassara ta yadda ya ga dama. "Unscented", wato marar ƙamshi, kuma tana iya nufin an zuba wani turare don ya danne warin sauran sinadarai, hancinka bai ji komai ba amma fatarka ta sani. Wadda ta fi kusa da abin da ake nema ita ce "fragrance-free", wato ba a sa turare ba, ita ma sai an juya baya an tabbatar babu parfum ko fragrance a jerin.

Na fi jin takaicin kalmar "na tsirrai zalla". Mutane suna jin ta sai hankali ya kwanta, kamar ba tsiro ba ne ke sa ƙaiƙayi idan an goge shi a daji. Man lafanda, man na'ana'a, man ɓawon lemo da man da ake rubutawa tea tree duk turaruka ne a wurin fata. A cikin irinsu ake samun limonene da linalool, waɗanda idan suka daɗe suna shan iska sukan rikiɗe su ƙara saurin tayar da alaji. Ke nan kwalbar da ta shekara biyu a buɗe ta fi sabuwa haɗari. Sanyin nan da ake ji na na'ana'a kuwa yana ɓoye ƙaiƙayi ne na ɗan lokaci, bai warkar da komai ba. Shamfun jarirai ma an tsara shi ne don kada ya yi wa ido zafi, da yawansu suna da ƙamshi.

Sai batun salfet, dangin sinadaran wanki masu sa shamfu kumfa, wanda ya zama abin gudun kowa. Gaskiya ne sodium lauryl sulfate yana da ƙarfi, har masu bincike suna amfani da shi da gangan idan suna son su fusata fata a gwaji. Ɗan uwansa sodium laureth sulfate ya fi shi sauƙi. Amma aikinsu busar da fata ne, ba kasafai suke jawo alaji na ainihi ba. Wanda matsalarsa bushewa da zogi ce zai amfana da barin su. Mai alaji kuwa yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago, domin yawancin shamfun da babu salfet suna dogara ne da cocamidopropyl betaine, wanda ƙungiyar likitocin alajin fata ta Amurka ta ayyana a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2004. Wasu kuma suna amfani da dangin glucoside, su ma sun samu wannan lamba a 2017. Mafi yawan mutane suna amfani da su lafiya lau, ba cewa nake a guje su ba. Rashin salfet dai shi kaɗai ba shaida ba ce.

Sunayen da ya kamata ido ya saba da su ba su da yawa. Bayan turare, akwai sinadaran hana lalacewa. Methylisothiazolinone da abokin tafiyarsa methylchloroisothiazolinone sun jawo wa mutane da yawa kuraje, har Tarayyar Turai ta hana sa na farkon a kayan da ake shafawa a bari a jiki daga 2017, ta kuma taƙaita shi zuwa kashi 0.0015 cikin ɗari a waɗanda ake ɗaurayewa. Akwai masu sakin formaldehyde, wani sinadari mai jawo alaji, a hankali, kamar DMDM hydantoin da quaternium-15 da imidazolidinyl urea. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, masu tayar da alaji kuwa galibi a ƙarshen jeri suke, don haka karanta layin farko kaɗai bai wadatar ba. Idan an rasa ta inda za a fara, a ɗauki mai gajeren jeri: sinadari goma ya fi arba'in sauƙin bincike.

Ranar da aka gaji, sai a canza shamfu da man laushin gashi da man shafawa duk lokaci guda. Idan an samu sauƙi ba a san wanda aka tsira daga gare shi ba, idan abin ya ƙaru ba a san wanda za a kama ba. A canza ɗaya, a ba shi mako 2 zuwa 4, domin kurajen alaji sukan ɗauki kusan haka kafin su lafa ko da an daina abin da ya kawo su. Kafin sabon shamfu ya hau kai, a gwada shi a lanƙwasar hannu: a shafa kaɗan, a bar shi kamar minti 5, a ɗauraye, sau biyu a rana har kwana 7 zuwa 10. A nan ma ana kuskure. Wasu suna shafawa su ɗaure da filasta su kwana da shi, su tashi da ja, su ce alaji ne. Kowane shamfu zai ci fata idan aka tsare shi a kanta dare guda.

Yadda ake wankin ma yana da nasa rabon. Ruwa mai zafi sosai da susa da farce suna buɗe wa sinadarai hanya, a yi da ruwan ɗumi da kan yatsu. A ɗauraye fiye da yadda ake zaton ya isa, a karkata kai baya don kumfa kada ta bi fuska, sannan a wanke wuya da bayan kunne daga ƙarshe. Barin wanke kai gaba ɗaya don tsoro yana tara maiƙo da gumi, amosani ya samu abin da yake so. Komawa sabulun wanka ma ba mafita ba ce. A ma'aunin pH, mai auna tsami, fatar kai tana wajen 5.5, sabulun wanka kuwa 9 zuwa 10, ya yi mata kaifi.

Wani lokaci shamfu ba shi da hannu ko kaɗan. Rinin gashi, musamman baƙi, yakan ƙunshi p-phenylenediamine, kuma kumburin da yake kawowa ya fi na shamfu muni, har idanu su rufe. Idan fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take. Haka idan gashi yana zuba a wuri guda, ko fata na fitar da ruwa ko mugunya, ko an ga ɓawo mai kauri fari-fari. Yaro mai makero kuwa maganin sha yake bukata, shamfu kaɗai ba ya kai wa ga saiwar gashi. A kuma kiyayi sayen man sitiroyid ana shafawa wata da watanni ba tare da likita ba, yana kwantar da kuraje amma yana siranta fata, balle ta fuska da ta ido.

Idan an gwada kwalba biyu ko uku marasa ƙamshi abin bai sauya ba, lokacin gwajin likitan fata ya yi. Ana manna ƙananan sinadarai a baya na awa 48, a cire, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. A tafi da duk kwalaben da ake amfani da su, har waɗanda aka ajiye. A rubuta sunan da likita ya bayar a waya, tare da sauran sunayen da sinadarin ke fitowa da su. Kuma ko an samu shamfun da ya karɓi jiki, a ɗauki hoton bayan kwalbar, a gwada da na sabuwa duk lokacin da aka sake saye, domin kamfanoni suna sauya haɗi ba tare da sun sauya suna ko launin kwalba ba.