Yadda Za Ka Taimaki Ɗalibin da Ba Ya Ji Kuma Ba Ya Gani a Makaranta

Shekararta bakwai lokacin da kakarta ta riƙo ta zuwa makarantar da nake koyarwa a cikin birnin Katsina. Sanƙarau ne ya kwantar da ita tana 'yar shekara uku. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya, ya bar mata ɗan dishi-dishin gani a ido ɗaya. A makon farko mun yi mata laifi, kuma da kyakkyawar niyya muka yi shi. Duk wanda ya zo sai ya cafki hannunta ya ja, wannan zuwa aji, wancan zuwa wurin cin abinci. Ita kuwa sai cizo da yaƙushi, har aka fara raɗe-raɗin ko da taɓin hankali. Lafiyar hankalinta ƙalau. Ka ɗauka kai ne a ɗaki mai duhu, ba ka jin takun kowa, sai kawai wani hannu ya fizge ka. Me za ka yi?

Daga kanta na koyi yawancin abin da zan zayyana a nan, kuma a bisa wannan jerin nake ba duk malamin da ya tambaye ni shawara.

Da farko, gano abin da ya rage masa

Kaɗan ne daga cikin irin waɗannan yara suka rasa ji da gani ƙurmus. Yawanci akwai saura: wani yana bambance haske da duhu, wani yana jin ƙarar ganga ko lasifikar masallaci. A kan wannan sauran za ka ɗora komai, don haka ka matsa wa iyaye a kai shi awon ido da na kunne. Ana iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, in kuma aka tura su gaba, Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa duk suna Kaduna. Kai ma ka yi naka awon a aji. Ajiye jan kofi a kan baƙin zane ka ga ko zai miƙa hannu. Buga tebur a bayansa ka ga ko zai waiwayo. Rubuta abin da ka gani da ranar da ka gan shi.

Ƙyanda, sanƙarau, haihuwar bakwaini da cutar rubella (wata cuta mai kama da ƙyanda) idan ta kama uwa a farkon ciki duk suna jawo wannan lalura. Akwai kuma wata ta gado da likitoci ke kira Usher, wadda nake roƙon malaman kurame, irin na makarantar Malumfashi, su sa wa ido. Yaro zai taso kurma, idonsa garau, sai daga baya dundumi ya fara: da an yi magariba ya riƙa tuntuɓe, da rana ya riƙa karo da mutane ta gefe, domin ganinsa yana tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu. Sau da yawa akan ce masa sakarai ko marar natsuwa. A kai shi likitan ido, a kuma fara koya masa karatu da yatsu tun da sauran gani.

Na biyu, yi masa sallama kafin ka taɓa masa komai

Zaɓi wuri ɗaya, kafaɗa ko bayan hannu, ka taɓa a hankali ka ɗan tsaya. Sannan ka ba shi alamarka, wato wani abu a jikinka da ba ya sauyawa. Tawa agogo ce. Abokiyar aikina awarwaronta take ba ta ta shafa. Idan za ka tashi ka sanar da shi, ko da matsa hannu sau biyu ne, don kada ya ci gaba da miƙa hannu ga wanda ya daɗe da tafiya.

A watannin farko mutum ɗaya ya kamata ya zama nasa, ya tarbe shi a bakin ƙofa, ya zauna da shi, ya miƙa shi ga mai ɗaukarsa. Idan yarinya ce, mace ta riƙe ta. Malamin da ke fama da yara sittin ba zai iya wannan ba, sai hedimasta ya nemo mataimaki. Yana da hujjar nema: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare.

Na uku, sa hannunka a ƙarƙashin nasa

Nan ne zuciyar aikin. Hannun yaron nan shi ne idonsa, shi ne kunnensa, shi ne bakinsa. Wanda ya damƙe masa hannu ya rufe masa duka ukun a lokaci guda. Saboda haka ka zura bayan hannunka a ƙarƙashin tafinsa, ka yi aikin da kanka, shi kuma ya bi ka yana jin yadda yatsunka ke motsi. In za ka buɗe kwano, buɗe yana bisa hannunka. In ya janye, ƙyale shi ya janye. Zai dawo.

Na tuna ranar da na nuna wa yarinyar nan lemo. Na riƙe shi a tafina, nata hannun yana saman nawa. Ta daɗe ba ta motsa ba. Can sai ɗan yatsanta ɗaya ya gangaro ya taɓa ɓawon, ya koma da sauri. Ya sake gangarowa. A karo na huɗu ta ɗauke lemon ta kai hanci. Da na cusa mata shi tun farko, jifa za ta yi da shi kamar yadda ta saba.

Ka koyi jira. Bayan kowace alama ƙirga goma a zuci kafin ka maimaita, domin saƙon da ya bi ta fata yana ɗaukar lokaci kafin a haɗa ma'anarsa.

Na huɗu, bar kayan yau da kullum su yi magana

Kafin kalma, akwai abu. Cokali yana nufin abinci, moɗa ruwa, buta makewayi, ɗan yankin tabarma hutu, takalmi tafiya gida. Sharaɗin shi ne ya zama abin da hannunsa ke taɓawa da gaske a lokacin aikin. 'Yar motar roba ta wasa ba ta gaya masa komai game da mota, don abin da ya sani a mota shi ne kujera da marfin ƙofa.

Samo kwalaye huɗu ko biyar ka jera su daga hagu zuwa dama, kowanne da kayan aiki ɗaya bisa tsarin ranar. Da safe ku shafa su tare. Lokacin tara ya ɗauki cokali ya tafi da shi wurin cin abinci, in an gama ya jefa shi a wani kwando na daban, wanda ke nufin an gama. Kada ka sauya jerin ba tare da ka nuna masa ba. Yaron da ya san abin da ke tafe, fushinsa yana raguwa ƙwarai. Ranar da ya je da kansa ya ɗauko buta ya miƙo maka ba ka tambaye shi ba, ranar ya fara magana, kuma ko me kake yi ka ajiye ka kai shi.

Na biyar, ɗora maganar hannu da rubutu

Duk lokacin da ya ɗauki cokali, yi alamar "abinci" a ƙarƙashin hannunsa. Ka fara da tambayar mahaifiyarsa ko kakarsa alamomin da suke yi a gida, da ɗan gari akan ci gari. Yawanci za ka tarar suna da goma ko fiye daga maganar hannu irin ta kuramen Hausa, wadda ta bambanta da ta makarantu mai tushe a ta Amurka. Ku daidaita a kan alama ɗaya ga kowane abu, kada gida da makaranta su riƙa ruɗa shi.

Maimaici ne maganin abin. Wata malama a Amurka, Anne Sullivan, ta shafe kimanin wata guda a 1887 tana rubuta wa ɗalibarta Helen Keller, wadda ba ta ji kuma ba ta gani, kalmomi a tafin hannu kafin, a bakin famfo, yarinyar ta gane cewa ruwan da ke zuba a hannunta yana da suna. Wasu yaran sukan ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba.

Wanda ya iya karatu kafin lalurar ta same shi, rubuta masa manyan baƙaƙe da yatsa a tafinsa. Mai sauran gani, rubuta masa da baƙin alƙalami mai kaurin baki a farar takarda. Rubutun makafi na Birel, mai ɗigo shida, yana zuwa ne bayan yatsu sun saba da tsintar wake daga cikin gero da bambance yashi da tsakuwa. Malaman makarantar makafi ta Katsina za su nuna maka yadda ake farawa.

Na shida, gyara masa hanya da zama

Ba shi wurin zama ɗaya, haske yana zuwa daga bayansa, nesa da ƙarar janareta. Kada a matsar da benci ba a zagaya da shi ya shafa ba. Ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe wangale, domin mai rabin buɗewa ita ke fasa goshi. Ɗaura igiya daga aji zuwa makewayi, ka yi ƙulli a inda ake juyawa, a rufe duk wata kwata da ke kan hanyar, bakin masai kuma a yi masa tudun da ƙafa za ta gane. In za ku yi tafiya, shi zai riƙe hannunka sama da gwiwar hannu, kana gaba da rabin taku, ka ɗan tsaya kafin matakala. Ku koya masa alamar gaggawa tun kafin a buƙace ta: babban gicciye da yatsa a bayansa, ma'ana taso mu tafi yanzu, bayani sai daga baya.

Wajen abinci, bar shi ya shinshina ya taɓa, kofi kuma kullum a gefe ɗaya. Da hunturu kaikayi da faso suna kashe jin yatsu, sai a riƙa shafa masa man kaɗanya ko basilin. Mai na'urar ji, a duba batir kowace safiya, a goge ƙura da gumi, a kuma lura ko hijabi yana gogar na'urar yana cika mata kunne da ƙara.

Akwai abin da ba a son faɗa, amma dole ne. Yaron da ake taɓawa duk yini, wanda ba ya ganin mai zuwa kuma ba zai iya ba da labari ba, yana cikin haɗarin miyagun mutane. Koya masa alamar "a'a", kuma idan ya yi maka ita ka tsaya, ko da kai ne malaminsa. Mutane biyu sanannu kawai za su riƙa raka shi makewayi. Yarinyar da ta kusa balaga, malama ta fara nuna mata audugar mata da yadda ake sauya ta tun kafin jinin farko ya zo.

Na bakwai, jawo 'yan aji da mutanen gida

Zaɓi yara biyu ko uku masu haƙuri, kowa da alamarsa, ka koya musu sallamar. Wasan tafa-tafa yana shiga hannu ba tare da an ji ko an gani ba. Ka kuma ajiye ƙaramin littafi a jakarsa, ka rubuta sabuwar alamar da aka koya yau da abin da ya ci, su ma a gida su rubuto yadda ya kwana. Inda babu mai karatu a gidan, minti biyar a bakin ƙofa ya isa. Kakar yarinyar nan haka muke yi da ita: in an tashi sai in sa hannuna a ƙarƙashin nata in nuna mata alamar ranar, ita kuma ta je ta koya wa sauran jikokin da daddare.